Yadda Ake Ziyartar Kogon Mutanen Farko, Daga Bakin Ƙofa Har Bangon Zane

A ranar 12 ga Satumba, 1940, wasu samari huɗu suka faɗaɗa wani rami a gefen tudu kusa da garin Montignac da ke kudu maso yammacin Faransa, suka zura jiki ciki da 'yar fitilarsu. Da hasken ya sauka a kan bango sai ga dawakai da bareyi da shanun daji a jere, an zana su da baƙi da ja da rawaya, cikinsu har da bijimin da tsawonsa ya zarce mita 5. Wannan shi ne kogon Lascaux, wanda ake furta sunansa Lasko. An buɗe shi ga jama'a a 1948, kuma ba da daɗewa ba masu ziyara suka kai kimanin 1,200 a rana. Numfashinsu da ɗumin jikinsu suka sauya yanayin kogon, gansakuka ta fara tsirowa a bango, wani farin ɓawo kuma ya soma rufe zanen. A 1963 gwamnati ta rufe shi, kuma har yau ba a sake buɗe shi ga jama'a ba. Zanen da ya kwana lafiya a cikin duhu na wajen shekara 17,000 ya soma lalacewa cikin shekara 15 kacal.

Na fara da wannan labari ne domin shi ne tushen duk ƙa'idojin da za ka tarar a irin waɗannan wurare. Abin da za ka je gani ya wanzu ne saboda ya daɗe a rufe, iska ba ta sauyawa, haske ba ya shiga, hannu ba ya taɓawa. Shigarka kaɗai tana rage masa kwana, ko da ba ka taɓa komai ba. Saboda haka mai ziyara na da nauyi biyu a wuyansa: ya rage ɓarnar da zuwansa ke jawowa, sa'annan ya tabbatar 'yan mintocin da aka ba shi sun yi amfani, ya fito da abin da ya fi hoto.

Ka fara sanin wane irin kogo ne

Kogwannin da ke ɗauke da tarihin mutanen da suka rayu kafin a fara rubutu ba iri ɗaya ba ne, kuma wanda bai bambanta su tun yana gida ba yakan dawo yana ƙorafi. Akwai kogon zane, irin Lascaux da Altamira, inda abin kallo yake a bango da rufi. Akwai kogon zama, inda mutane suka yi ta hura wuta, suna fasa ƙashi, suna sassaƙa dutse zuriya bayan zuriya, kuma a nan dukiyar tana ƙarƙashin ƙafarka ne, a cikin ƙasa. Kogon Wonderwerk na Afirka ta Kudu na cikin wannan rukuni, domin a cikinsa aka sami toka da ƙonannen ƙashi da ke nuna an yi amfani da wuta kimanin shekara miliyan ɗaya da suka shige. Sai kuma kogon da ya zama tarko, kamar Sterkfontein da ke kusa da Johannesburg, inda Robert Broom da John Robinson suka tono wani sanannen ƙoƙon kai na wata tsohuwar halitta mai kama da mutum a 1947. Halittun da aka sami ƙasusuwansu a can ba zama suka yi a ciki ba. Wasu faɗawa suka yi ta ramukan sama, wasu kuma ruwa ko namun daji ne suka kai gawarwakinsu. Wanda ya je Sterkfontein yana neman zane a bango zai fito hannu rabbana.

Tambaya ta biyu ita ce ko ainihin kogon za ka shiga ko kwafinsa. Manyan kogwannin zane guda uku da suka fi suna galibi ta kwafi ake ganinsu yanzu. An buɗe kwafin farko na Lascaux a 1983, kimanin mita 200 daga kogon asali, aka kuma buɗe wani cikakke a ƙarshen 2016. Altamira da ke arewacin Sifaniya ta sami nata kwafin a 2001. Shi kuwa kogon Chauvet, wanda Jean-Marie Chauvet da Éliette Brunel da Christian Hillaire suka gano a Disambar 1994, ba a taɓa buɗe shi ga jama'a ba ko da rana ɗaya, domin an riga an ɗauki darasi daga Lascaux. Kwafinsa da aka buɗe a 2015 kawai ake shiga.

Ni dai ban yarda da masu raina kwafi ba. An auna bangon asali da na'ura, an fitar da kowane tudu da kwari nasa, kuma masu zanen sun yi aiki da irin launukan da aka yi na farko da su. A can za ka iya tsayawa ka ƙare wa abu kallo cikin wadataccen haske. Amma akwai abin da kwafi ba ya bayarwa, wato sanin cewa a daidai inda ka tsaya wani mutum ya taɓa tsayawa da fitilar kitse a hannu. In da hali, ka haɗa biyun. Har yanzu ana shiga ainihin Font-de-Gaume da Rouffignac da Pech Merle da Niaux a Faransa, da kuma El Castillo a Sifaniya.

Tikiti da kayan jiki

Kogwannin asali suna ƙayyade yawan mutane, domin an lissafa iyakar numfashin da iskar cikinsu za ta iya ɗauka kafin ta koma daidai. Pech Merle ba ya wuce mutum 700 a rana, Font-de-Gaume kuwa adadinsa bai kai ɗari ba. Don haka ka nemi tikiti tun da wuri ta shafin hukumar da ke kula da wurin, musamman in tafiyar ta faɗo lokacin hutu, ka kuma duba harshen da ɗan jagora zai yi bayani da shi a rukunin da ka zaɓa. Wasu kogwannin suna rufewa a lokacin sanyi ko bayan ruwan sama mai yawa. Ka isa da wuri, domin da zarar rukuni ya shiga ana kulle ƙofa, kuma ba a buɗe wa wanda ya makara.

Cikin kogo mai zurfi ba ya bin yanayin waje. Yakan tsaya ne a kan matsakaicin zafin yankin na duk shekara, wanda a kudancin Faransa yake kusan digiri 13, ga kuma laima sosai. Ka riƙe riga mai kauri ko da rana na ƙuna a waje, ka sa rufaffen takalmi wanda ƙasansa ba ya santsi. Jakar goyo ta zauna a waje, domin a lungu mai ƙunci mutum yakan juya ya goge bango da ita bai sani ba. Mai ciwon gwiwa, ko mai matsalar numfashi, ko wanda matsattsen wuri ke tayar wa hankali, ya tambayi yanayin hanyar tun kafin ya biya. A Niaux ana tafiyar kimanin mita 800 a ƙasa da fitilar hannu kafin a kai ɗakin zane, a Rouffignac kuwa ƙaramin jirgin ƙasa mai lantarki ne ke shiga da mutane.

Kada ka yi gaggawar wuce bakin kogo

Idan akwai gidan adana kayan tarihi a wurin, ka fara da shi kafin ka shiga kogon, domin duk abin da aka tono an kwashe shi zuwa can. Ka dubi wuƙaƙen dutsen ƙyastu, da allurar ƙashi mai kafa, da haƙoran da aka huda don ratayawa a wuya, ta yadda in ka shiga ciki za ka san kayan da masu wurin suka riƙe.

Da ka iso bakin kogon, ka tsaya ka juya baya ka dubi abin da ke gabansa. Ina ruwa yake? Ta ina rana ke shigowa? Ana hango kwarin da dabbobi za su bi? Mutanen nan sun fi zama a bakin kogo ko a ƙarƙashin dutsen da ya yi rumfa, inda akwai haske kuma hayaƙi ke samun mafita. Can ƙurya, inda babu haske ko kaɗan, shiga ake yi don wata manufa a fito. Ka kuma tuna cewa ƙofar da aka shigar da kai sau da yawa ta zamani ce. Ƙofar Chauvet ta asali duwatsu ne suka rufto suka toshe ta sama da shekara 20,000 da suka wuce, kuma wannan toshewar ce ta adana abin da ke ciki. A birnin Marseille na Faransa ma akwai kogon Cosquer, wanda bakinsa yake mita 37 ƙarƙashin teku a yau, alhali masu zanen da ƙafa suka shiga, domin a zamanin ƙanƙara teku ta ja baya ƙwarai.

A yawancin kogwannin zama za a nuna maka wani bangon ƙasa da aka yanke a tsaye, an liƙa masa 'yan lambobi. Mutane da yawa sukan wuce shi suna ɗokin zane, alhali shi ne littafin wurin. Ƙasa tana taruwa ne hawa-hawa, na ƙasa ya girmi na sama muddin ba a dagula su ba. Baƙin layi murhu ne. Hawa mai cike da ɓarɓashin dutse da ƙashi yana nuna lokacin da ake zaune a wurin, hawan da babu komai cikinsa sai yumɓu kuwa yana nuna ƙarnukan da kogon ya zama kufai. Tsakuwa masu kaifi da suka zubo daga rufi galibi alamar tsananin sanyi ce, lokacin da ruwa ke daskarewa a cikin tsagar dutse yana fasa shi. A bakin El Castillo wannan tarin ya kai zurfin kusan mita 20, kuma a cikinsa kayan mutanen Neanderthal, wani tsohon jinsin mutane da ya ɓace, suna ƙasa, na irinmu suna bisa.

Yana da kyau ka san yadda ake tonon, domin shi zai fahimtar da kai dalilin hana ɗaukar ko da tsakuwa. Ana raba filin ne murabba'i-murabba'i, mita ɗaya-ɗaya, da zare. Mai tono yana durƙushe da ɗan cokalin magini da buroshi, yana kankare ƙasa kaɗan-kaɗan, kuma duk abin da ya bayyana ba a ɗaga shi sai an auna matsayinsa da zurfinsa, an ɗauki hotonsa, an ba shi lamba. Ƙasar da aka kwashe ma sai an tankaɗe ta a rariya, wani lokaci da ruwa, don a tsinci haƙoran ɓeraye da ƙwayoyin tsirrai, waɗanda su ne ke faɗin irin yanayin da aka yi. Tono ba ya maimaituwa, domin hawan da aka kankare ya tafi ke nan. Shi ya sa masu aikin kan bar wani sashe da gangan saboda na baya da za su zo da kayan aikin da suka fi nasu. Darajar wuƙar dutse tana tattare da sanin hawan da ta fito da abin da ke kusa da ita, kuma ranar da wani ya sa ta a aljihu ta koma dutse kawai.

Misali ɗaya ya isa ya nuna abin da natsuwa ke fitarwa. A kogon Swartkrans, maƙwabcin Sterkfontein, an sami ɓangaren ƙoƙon kan wani yaro da ramuka biyu a bayansa. Masanin nan C. K. Brain ya gwada su da fiƙoƙin muƙamuƙin damisa da aka tono a wurin, sai suka shige daidai. Daga nan aka fahimci cewa yawancin ƙasusuwan da ke irin waɗannan kogwanni saura ne na abin da namun daji suka ci.

Cikin duhu: yadda ake kallo

Mintocin farko na sabon ido ne. Kada ka dubi fuskar waya, domin haskenta zai mayar da kai baya. Ka bi sawun ɗan jagora, ka tsaya inda ya ce, hannuwanka a jikinka.

Kuskuren da aka fi yi shi ne a kalli bangon kogo kamar allo mai santsi. Masu zanen sun fara duban dutsen ne, suka ga dabba a cikinsa, sa'annan suka fito da ita. A rufin Altamira akwai ƙulluttai na dutse da suka kumburo, sai aka zana ɓauna a duƙunƙune a kan kowannensu, har tudun dutsen ya zama kafaɗa da gadon baya. A Pech Merle kan wani doki mai ɗige-ɗige ya bi siffar gefen dutsen da kansa. Domin haka ɗan jagora nagari ba ya haska zane gaba da gaba. Yakan kawo fitilar ta gefe, ya ɗaga ta, ya sauke ta, sai ka ga inda ɗazu babu komai ya zama ciki da ƙafafu. Zanen da aka karta da tsinin dutse ma ba ya fitowa sai da irin wannan haske na gefe. A Font-de-Gaume akwai bareyi biyu irin na ƙasashen ƙanƙara, namijin ya sunkuyo yana lasar goshin macen da ta durƙusa a gabansa, kuma harshen nasa ɗan siririn layi ne da aka karta, wanda ba za ka gan shi ba sai an nuna maka.

Ka riƙa tuna da hasken da suka yi aiki da shi. A Lascaux an sami fitila ta jan dutse, an sassaƙa ta da mariƙi kamar ludayi, an goge ta sumul. Kitsen dabba ake zubawa a ciki a sa lagwani. Harshen irin wannan wuta yana rawa, kuma idan ya yi rawa inuwar tudun dutse takan motsa, dabbar ta zama kamar tana numfashi. A Chauvet har yau ana ganin baƙin tabo a bango inda aka goge bakin itacen wuta don ya ƙara ci. A wani lungu na Lascaux kuma zanen ya yi tsayin da hannu ba zai kai ba daga ƙasa, abin da ke nuna sai da aka kafa abin takawa. Aiki ne da aka shirya masa, wasu na nemo launi, wasu na riƙe wuta.

Launukan ƙasa ne da ma'adinai. Ja da rawaya daga ƙasa mai sinadarin ƙarfe suke, baƙi kuwa gawayi ne ko ma'adinin manganis. Ana niƙa su, a shafa da yatsa ko da ɗan tsumman gashi, ko kuma a fesa da baki. Ta hanyar fesawar ce aka yi hotunan tafin hannu: mutum ya ɗora hannunsa a bango, ya hura launi a kewayensa, ya ɗauke. A kogon Cueva de las Manos na Ajantina mafi yawansu hannun hagu ne, wanda ke nuna da dama aka riƙe bututun fesawa. A Gargas da ke Faransa hannaye da yawa ba su da cikakkun yatsu, kuma masana sun rabu a kan ko yanke su aka yi, ko cuta ce, ko lanƙwasa su aka yi a matsayin ishara.

Kada ka manta da ƙasa da ƙananan alamu. A Pech Merle akwai sawun ƙafar wani matashi a cikin yumɓun da ya bushe. A Rouffignac, ban da giwaye masu gashi sama da 150 da aka zana, za ka ga kartar faratan beyar a bango da ramukan da suka kwanta a ciki lokacin sanyi, da kuma layukan da aka ja da yatsu a kan laushin rufi, waɗansunsu na ƙananan yara. A ganina waɗannan sun fi manyan bijimai kusantar da mutum ga masu wurin.

Ka tambayi yadda aka san shekarun

Duk ɗan jagora zai faɗa maka adadin shekaru, kuma ya dace ka tambaye shi ta yaya aka sani. Hanyar da ta fi shahara ita ce awon sinadarin kabon 14, wadda Willard Libby ya ƙirƙiro a ƙarshen shekarun 1940. Duk mai rai yana ɗauke da wannan sinadari, kuma bayan mutuwa rabinsa yakan ɓace a kowace shekara 5,730, don haka abin da ya rage a cikin gawayi ko ƙashi yana faɗin lokacin da itacen ko dabbar ta mutu. Awon ba ya wuce kimanin shekara 50,000, kuma ba ya aiki a kan launin da ba daga mai rai ya fito ba. Baƙin Chauvet gawayi ne, shi ya sa aka auna zanen kansa aka sami kimanin shekara 36,000. Baƙin Lascaux kuwa manganis ne, saboda haka shekarunsa an ɗauko su ne daga kayan da aka tsinta a ƙasa, kuma wannan ne dalilin da za ka ji adadin yana bambanta daga littafi zuwa littafi.

Hanya ta biyu tana auna farin ɓawon da ruwa ke bari a kan zane, ta lissafin yadda sinadarin yuraniyam da ke cikinsa ke rikiɗa. Tun da ɓawon a kan zanen ya hau, abin da awon ke bayarwa shi ne mafi ƙarancin shekaru. Da ita aka nuna a 2012 cewa wani jan ɗigo a El Castillo ya kai aƙalla shekara 40,800, da ita kuma aka sanar a 2021 cewa hoton wani aladen daji a tsibirin Sulawesi na Indonesiya ya kai aƙalla 45,500. Sakamakon Sulawesi ya rushe tsohon zaton cewa a Turai aka fara zane, kamar yadda na Chauvet ya rushe zaton cewa an fara da zane maras kyau ne aka yi ta gwanancewa a hankali. A kogon Blombos na Afirka ta Kudu ma an sami guntun jar ƙasa da aka yi wa zanen layuka masu giciye da juna sama da shekara 70,000 da suka wuce.

Wannan fanni ya sha yin kuskure ya gyara, kuma labarin Altamira ya cancanci ka san shi kafin ka je. A 1879 wani mai sha'awar kayan tarihi, Marcelino Sanz de Sautuola, yana tono a ƙasan kogon, sai 'yarsa María, yarinya 'yar shekara takwas, ta ɗaga kai ta ga ɓaunaye a rufi. Da ya wallafa a 1880 cewa aikin mutanen zamanin dutse ne, manyan masana suka ƙaryata shi, har aka yi zargin zanen na jabu ne. Ya rasu a 1888 ba a wanke shi ba. Sai a 1902, bayan an gano wasu kogwannin a Faransa, Émile Cartailhac, wanda yana cikin manyan masu musun, ya fito fili ya rubuta cewa ya yi kuskure.

Game da ma'anar zanen kuwa, ka saurari kowane bayani a matsayin ra'ayi. A cikin masana, Henri Breuil ya ɗauka tsafin farauta ne, wato a zana dabba don a same ta. Amma ƙasusuwan da aka tsinta a Lascaux sun nuna barewar ƙanƙara suka fi ci, ga shi kuwa da ƙyar ake samun hotonta a bangon, inda dawakai suka fi yawa. A Chauvet kuma zakuna da karkanda ne suka cika wuri. André Leroi-Gourhan ya nemi ma'anar a cikin tsarin jera dabbobin, David Lewis-Williams kuma ya danganta ta da bokaye da abin da suke gani in sun fita hayyacinsu. Al'adar ta ɗauki sama da shekara 20,000, kuma da wuya a ce dalili ɗaya ne ya riƙe ta tsawon wannan zamani.

Abin da ba a yi

Ba a taɓa bango, ko da inda babu zane ne, domin maiƙon hannu yana zama abincin ƙwayoyin cuta, kuma akwai kartar da ido bai gani ba. Ba a shiga da abinci ko abin sha. Ba a sauka daga turbar da aka shata. Yawancin kogwannin asali sun hana ɗaukar hoto ɗungurungum, kuma ko inda aka yarda, a kashe walƙiyar kyamara. In an ce ka taka tabarmar magani a ƙofa ko ka sa rigar da aka tanada, ka yi, domin takalmi yana ɗauko fumfuna daga wani wuri. Lascaux da ke rufe ma bai tsira ba: a 2001 wata farar fumfuna ta bazu a cikinsa bayan an sauya na'urar daidaita iska, daga baya kuma baƙaƙen tabo suka biyo.

Ba a yayyafa wa zane ruwa don launinsa ya fito, al'adar da ta dusashe zane mai yawa a duwatsun da ke fili. Ba a bin layi da alli, ba a rubuta suna. A rufin Rouffignac akwai sunayen da maziyartan ƙarnukan baya suka rubuta da hayaƙin fitila a kan dabbobin. Gyara ma ba aikin kowa ba ne. A 1992 wasu matasa 'yan sa-kai suka shiga kogon Mayrière a Faransa don goge rubuce-rubucen da aka ɓata bango da su, suka haɗa da wani sashe na ɓaunaye biyu na zamanin dutse suka kankare. Garin neman gira aka rasa ido.

Inda babu ƙofa babu mai gadi

Kogwanni da rumfunan dutse da yawa a duniya ba su da tikiti ko fitila, kuma a nan nauyin duka yana kanka. Ka nemi izinin hukumar kayan tarihi da na mutanen da wurin ke ƙasarsu, domin wasu wuraren har yanzu masu alfarma ne a wurinsu, ka kuma tafi da wanda ya san hanya. Kada ka shiga kai kaɗai. Ka bar wa wani a waje sunan wurin da lokacin da za ka fito, ka sa hular kwano, kowane mutum kuma ya riƙe fitila uku, domin duhun kogo ba irin na dare ba ne da ido ke sabawa da shi. Kada ka shiga in hadari ya haɗu, ko da a nesa ne, saboda ruwa yakan cika lungu cikin ɗan lokaci. Idan ka ji numfashinka yana sama-sama ko kanka ya soma ciwo ba dalili, ka juya nan take, domin gurɓatacciyar iska takan taru a wurare masu zurfi. Ka nisanci inda jemagu suka yi sansani, kada kuma ka tayar da ƙurar kashinsu, saboda tana ɗauke da fumfunar da ke kama huhu, kuma a wasu kogwannin gabashin Afirka an sami waɗanda suka kamu da cutar Marburg, wani zazzaɓi mai haɗari, bayan shiga. In zazzaɓi ya kama ka cikin makonni uku da fitowa, ka faɗa wa likita cewa ka shiga kogo.

Kada ka hura wuta a ƙarƙashin rumfar dutse, domin hayaƙi yana rufe zane, zafi yana ɓare fuskar dutse, sabon gawayi kuma yana rikita awon shekaru. Idan ka ga wani abu a ƙasa, ko ƙashi ne ko kasko ko sassaƙaƙƙen dutse, ka bar shi yadda yake. Ka ajiye wani abu mai sanannen tsawo kusa da shi ba tare da ya taɓa shi ba, ka ɗauki hoto daga sama, ka ɗauki wani daga nesa wanda zai nuna inda yake a cikin kogon, ka rubuta matsayin wurin daga wayarka. Wannan bayani hukumar kayan tarihi ko sashen binciken kayan tarihi na jami'a mafi kusa za ka kai wa. Kada ka wallafa ainihin wurin a intanet, domin masu haƙa don sayarwa sukan riga masana isa, kuma ramin da suka yi a dare ɗaya yakan cakuɗa hawa goma da ba za a sake iya rarrabe su ba.